Kafin Ka Ce Ta Ci Amanarka, Ka Taɓa Tambayar Ta?

Daren Talatar da ta wuce muna zaune a teburin mai shayi, nan bayan kasuwar Wunti, sai ga wani abokinmu ya tsayar da babur, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya zauna, ya zaro wani kati daga aljihun gaba ya ajiye tsakanin gwangwanin madara da burodi. Katin asibiti ne, ya sha ninki har ya fara yagewa ta tsakiya. An jera kwanan wata da biro, layi takwas, kowanne wata uku ne tsakaninsa da na ƙasansa.

A cikin samira ya tsince shi, can ƙasan jeren kwanukan kabad, garin neman takardar haihuwar babban ɗansa da aka ce a kai makaranta. Ashe shekara biyu cur maiɗakinsa tana karɓar allurar tazarar haihuwa, shi ko labari ba shi da shi.

"Ta ci amanata," in ji shi. "Wallahi ta ci amanata. Na ce ta je gida sai na neme ta."

Nan majalisa ta ɗauka. Wannan ya ce mace ba abar yarda ba ce, wancan ya ce malaman asibiti ne ke hure musu kunne. Ni tambaya ɗaya na yi masa. Na ce, Alhaji, a shekara goma sha ɗaya da kuka yi tare, ka taɓa zama da ita kun yi maganar haihuwa, ko sau ɗaya? Ya dube ni sheƙeƙe. "Wannan ma har abin zama ne a yi magana?"

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne, mutumin nan 'ya'yansa shida, duk a cikin shekara tara aka haife su. Kuma a kan wannan bencin, a azumin da ya wuce, da bakinsa ya ce mana: alhamdulillahi, kwana biyun nan Allah ya ba mu hutu, da an ƙara wani yanzu ban san inda zan sa kaina ba. Hutun da yake gode wa Allah a kai, shi ne yau ya kori mace saboda shi. Abu ɗaya suke so su biyun, a ɗaki ɗaya suke kwana, amma babu wanda ya san cikin wani.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ba na yabon ɓoye-ɓoye a cikin aure, kuma na san zafin da abokina yake ji na gaske ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Allurar ɓoye shirun maigida ne ya haife ta. Nauyin buɗe wannan magana kuwa a wuyanmu yake mu maza, don mu ne ba mu da abin da za mu rasa in mun buɗe ta.

Kunika ta girmi asibiti

Mu a Bauchi kunika muke cewa, Kanawa su ce kwanika: mace ta ɗauki ciki na goye bai isa yaye ba. Kalmar ta girmi duk wani shirin gwamnati, kuma kakanninmu ba da daɗin baki suke faɗin ta ba. In yaro ya kama zawo ya rame, gashinsa ya yi ja, tsofaffi sai su saci kallon cikin uwar su ce ai ya sha ciki. Mace ta sha gori a gidan suna, mijin ma a yi ta zunɗensa cewa ba shi da haƙuri.

Suna kuma da dabararsu. Mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, ta jima ba ta dawo ba. Ko ta dawo, a gidaje da yawa miji yakan ƙaurace wa shimfiɗarta har a yaye yaro. Gidan babba ne, ga uwar miji tana sa ido, sau da yawa ga abokiyar zama. Al'ada ce ke yin maganar a madadin miji da mata, shi ya sa ba su buƙaci buɗe baki ba.

Yau fa? Ciki da falo a gidan haya a Yelwa ko Fadaman Mada, mata ɗaya, ana yin arba'in ta dawo. Al'adar da ke tsare tazarar ta tattara ta tafi, kunyar maganar kuma tana nan daram inda aka bar ta.

Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta yi a 2018 ya ƙiyasta matsakaicin yawan 'ya'yan da mace ɗaya ke haifa a rayuwarta a Najeriya a kan 5.3, a Gombe 6.6, a nan Bauchi 7.2. A wannan shekarar, matan aure 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyar tazara ta zamani a faɗin ƙasar. Adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: kusan mace ɗaya cikin kowace biyar tana son ta huta ko ta tsaya, amma ba ta amfani da komai. Ku zaga unguwa ku ƙirga gidaje biyar. Binciken ya kuma ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Ba banza tsofaffi ke cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira ba.

Ni ma na yi wannan shirun

Kada wani ya ɗauka ina wa'azi ne daga kan tudu. Wata goma sha huɗu ne tsakanin ɗanmu na biyu da na uku. A haihuwar na ukun jini ya ɓalle wa maiɗakina. Ƙarfe ɗayan dare ina buga wa ƙannena waya su zo a gwada jininsu, sai da aka ƙara mata leda biyu kafin ta san wanda ke kanta.

Da asuba wata dattijuwar malamar asibiti ta same ni a baranda. "Malam, kai ne mijin? Wata nawa tsakanin wannan da na baya?" Sai da na ƙirga da yatsu. Ta girgiza kai ta ce, "Jikin mutum ne fa. Ko gona ce ana barin ta ta huta." Ta wuce abinta da faranti a hannu.

Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai sittin in yi ta zuba har a kaɗa ƙararrawa, sai da na yi mako uku bayan arba'in ina juya yadda zan fara. Ranar da na yi ta maza lokacin zafi ne, babu wuta, tana zaune a tabarma a tsakar gida tana yi wa jariri fifita. Ko a nan ma ta gefe na biyo.

"Wai ni kam, malamar asibitin nan ta yi mini wata magana ranar nan."

Maficin ya tsaya. "Ni ma ta yi mini."

"To me kika gani?"

Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Malam, tun cikin wancan nake so in ce maka na gaji. Tsoro na ji kada ka ce da kai na gaji. Kuma ai kai ka ce tara kake so, kamar Baba."

Tara ɗin nan da wasa na faɗe ta, muna angwanci, ana cin kazar amarci. Ni na manta da ita tun a daren. Ita kuwa shekara shida tana riƙe da ita kamar umarni.

"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci"

Wannan ita ce hujjar farko da za a jefo maka, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Arziki na Allah ne. Aya ta 31 a Suratul Isra'i ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, kuma hadisi ya kwaɗaitar da mu auren mace mai haihuwa. Babu mai ja da wannan.

Amma a buɗe Suratul Baƙara, aya ta 233. Ita ce ta ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku, ga wanda ya so cika shayarwa. Sannan ta ce idan su biyun suka yi nufin yaye bisa yardar juna da shawara a tsakaninsu, babu laifi a kansu. Yardar juna da shawara. Duk azumi ana karanta mana ayar nan a wuraren tafsiri, mu gyaɗa kai mu tashi. Idan ranar cire yaro daga nono ma sai an zauna an yi shawara, ina ga ranar da za a sake ɗora wa uwar wani cikin?

A yi lissafi ma a gani. Shekara biyu na shayarwa da wata tara na ciki, wata 33 ke nan tsakanin haihuwa da haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma shawararta ita ce mace ta jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki, in ɓari ta yi kuma wata shida. Lissafin ya faɗa wuri guda.

Bukhari da Muslim sun ruwaito Jabir ɗan Abdullahi yana cewa sun kasance suna yin azalu, wato namiji ya janye kafin ya kawo, a lokacin da Alƙur'ani yake sauka. Mu kuma da muke bin mazhabar Malikiyya, Imamu Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa namiji ba ya yin azalu ga matarsa 'ya, wato wadda ba baiwa ba, sai da izininta. Ta yaya za ka nemi izinin wadda ba ka yi wa magana ba?

A Disambar 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a kan wannan batu. Ta ce bai halatta gwamnati ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, kuma haramun ne a kashe ƙwayar haihuwar mutum gaba ɗaya sai da larura. Amma jinkirta ciki na ɗan lokaci don a ba da tazara, wannan ta halatta shi in akwai buƙata, da sharaɗin shawara da yardar juna, kuma hanyar ta zama ba mai cutarwa ba, ba kuma zubar da cikin da ya riga ya shiga ba. Sharaɗin nan dai shi ne ya sake dawowa.

Wuƙar nan kuwa baki biyu gare ta. Akwai 'yan bokonmu da suka yanke wa kansu cewa huɗu sun ishe su, sai mutum ya biya kemis ya sayo ƙwaya ya miƙa wa amarya ya ce ki riƙa sha, ita kuwa ɗa take nema ido rufe. Wannan da mai hanawa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kowannensu umarni ya bayar, babu wanda ya tambaya.

Kunya

Mu mutane ne masu alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan mijinta gatsau. Ina son wannan ɗabi'a tamu, ba na fatan ranar da za ta ƙare.

Sai dai ku duba inda maganar take zuwa in ba ta zo ɗaki ba. Matar ta gaya wa malamar asibiti, ta gaya wa ƙawarta ta Islamiyya, mai kitso ma ta sani. Mijin ya yi wa mai kemis raɗa, ya yi wa majalisa ƙorafin kuɗin makaranta. Rabin unguwa ya san halin da gidan yake ciki, ban da mutum biyun da abin ya shafa. Wace irin kunya ce ke sa mai kitso ta riga miji sani?

Wani zai ce to ita matar me ya hana ta fara? Ku tsaya ku auna abin da take gudu. Tana buɗe baki za a iya ce mata, wa ya koya miki? Ko a ce, me kike shirin aikatawa da kike tsoron ciki? Ko a ce, in kin gaji sai in kawo wadda ba ta gaji ba. Ko a kai ƙarar ta wurin Hajiya a ce ta fara iyayi. Ƙarshenta ma takarda. Namiji fa, in shi ya fara? Iyakarta ya ji nauyin baki na minti biyu. Wanda zai taka ƙaya da takalmi shi ya kamata ya wuce gaba, ba mai ƙafa tsirara ba.

Masu cewa "ni ne maigida, maganata ce ta ƙarshe" kuwa, ban ƙwace muku girmanku ba. Amma abokina maigida ne shi ma, ga shi shekara biyu ana yanke hukunci mafi girma a gidansa yana can yana shan shayi. Shirun da ya ɗauka iko ne, shi ya fitar da shi daga cikin shawarar.

Abin da ɓoyewa ke jawowa a jiki

Nan ne na fi son maza su saurara, domin yawancinmu ba mu san komai a kan hanyoyin nan ba sai jita-jita.

Mace mai ɓoyewa ba ta zaɓen abin da ya dace da jikinta, abin da zai ɓoyu take zaɓa. Ashanar fata, wadda ake sa wa a damtse ta yi shekara uku ko biyar, ana jin ta in an shafa wurin, don haka ta fita. Ƙwaya kullum ake sha, kullum sai an nemi maɓoya. Kororon roba da azalu da ƙirgen kwanaki kuwa ba sa yiwuwa sam sai da hannun miji. Sai a koma allura, a fake da rigakafin yaro ko dubiya a je a karɓo.

To allurar nan, da ashanar ma, sukan birkita al'ada, musamman a watannin farko. Wata ta yi ta ganin ɗige-ɗigen jini, wata al'adar ta ɗauke gaba ɗaya, wata ta ƙara jiki. Malaman asibiti sun san da haka, suna da abin da suke bayarwa, in ya ƙi su canja mata wata hanyar. Amma ku hango macen da ke ɓoyewa. Kwana ashirin tana ganin jini, ba ta san haila ce ko istihala ba, ta yi salla ko ta bari, ta ɗauki azumi ko ta ajiye. Ba ta iya cewa maigida ya tambayo mata malam. Ba ta iya neman kuɗin Keke Napep ta koma asibiti, don za a ce me ke damun ki. Maigida kuma ya fara tsarguwa, kullum a ce masa babu tsarki. Ƙarshe ta watsar da abin, ta sha jiƙe-jiƙe, bayan 'yan watanni ga ciki. Daga nan labari ya bazu a gidan biki cewa allura ce ta lalata wa wance mahaifa.

Mai hawan jini ma akwai irin ƙwayar da ba a ba ta. In ta aiki yaro kemis a ɓoye, wa zai gwada jininta?

Gidan da miji ya sani kuwa, shi ke tuna mata ranar komawa. In jini ya yi wasa, shi zai ɗauke ta a babur su koma. Ya san cewa bayan an daina allurar wata uku ciki kan yi jinkirin wasu watanni, wani lokaci har kusan shekara, don haka ba zai tayar da hankalin gida ba. Ya san ashana da robar da ake sa wa a cikin mahaifa ana cirewa mace na iya ɗaukar ciki ba jira. Ya kuma daina dogaro da "ai tana shayarwa", domin shayarwa tana tsare ciki ne in abu uku sun haɗu: yaro bai wuce wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da na san wannan a lokacin, da ban kwana a barandar asibiti ba.

"Makircin Turawa ne"

Ba zan yi wa mai wannan magana dariya ba. Mutanen da suka ga abin da gwajin maganin Trovan ya yi wa yara a Kano a 1996 suna da dalilin ɗari-ɗari, kuma duk mun tuna yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Amma a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID, wadda ke cikin manyan masu zuba kuɗi a wannan harka. Baturen ya naɗe tabarmarsa. Kunika ta bi shi? Tana nan a gidajenmu.

Ni kuma ban ce wa kowa ya tsaya a biyu ko huɗu ba. Macen da ta yi haihuwar fari tana da shekara 21, in tana ba da tazarar shekara uku, za ta haifi na takwas tana da 42. Takwas ɗin da uwarsu ke tsaye da ƙafafunta. Mai son yawa ma tazarar ta fi yi masa amfani.

Wani lokacin matar ce ba ta so

Gaskiya ne, kuma masu shirya tarukan wayar da kai ba su cika son jin wannan ba. Akwai gidajen da maigida ne ke roƙon a huta, uwargida da amarya kuwa tsere suke yi.

Kada a yi saurin cewa jahilci ne. Lissafi ne. In maigida ya faɗi ya mutu ya bar 'ya'ya, matansa ko huɗu ne tumuni ɗaya za su raba a tsakaninsu, sauran dukiyar mafi yawanta ta 'ya'ya ce. Ɗakin da ya fi 'ya'ya shi ya fi kaso, kuma 'ya'yan ne za su riƙe ta in ta tsufa. Ka ce wa irin wannan mace ta huta alhali kishiyarta na da ciki, me kake so ta ji? Ga kuma uwar miji da ke ƙirga watanni: "Yaron nan ya yi wayo fa, har yanzu shiru?"

Babu allurar da ke maganin wannan tsoro. Daga bakin miji kaɗai take son ta ji cewa hutunta ba zai rage mata matsayi ba, ba kuma za a mayar da shi hujjar ƙaro aure ba. Shi kaɗai ne kuma zai iya zuwa ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, ni na ce ta huta, likita ya ce jikinta yana so." Suruka ba ta isa ta faɗi wannan ba, amma daga bakin ɗa jimla ɗaya ta kashe maganar.

Na san magana ba ta cika kabad ɗin asibiti da kaya. Mace na iya tasowa daga ƙauye a ƙasar Ningi ko Alkaleri da yardar mijinta, ta iso a ce mata allura ta ƙare. Wannan laifin hukuma ne, kuma ya cancanci nasa rubutun. Na kuma san akwai mazan da za a zauna da su a yi maganar, su ce a'a. To ko ba komai ta san inda aka tsaya, tana iya sa iyaye ko malami ko likita a ciki. Amma wanda likita ya kira ya gaya masa cewa matarka ta yi jijjiga, ko an yi mata aiki sau uku, wani cikin kusa-kusa zai iya tafiya da ita, ya kuma kafe, wannan sunansa zalunci. Macen da ta ɓoye wa irinsa, ni ba zan jefe ta ba.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. A ƙaramar hukumar Toro an gwada wani tsari da haɗin gwiwar ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da hukumar lafiya matakin farko ta jiha: mata suna bin gida-gida suna ziyartar masu ciki, maza kuma suna zuwa wurin mazajensu. Cikin abubuwan da ake tattaunawa har da aikin wahala ga mai ciki, da duka, da alamomin haɗari, da rashin yin maganar cikin tsakanin miji da mata. A unguwannin da aka yi ziyarar, ma'aurata sun fi yin maganar, matsalolin ciki da na bayan haihuwa kuma sun ragu. Maƙwabtanmu na Damagaram su har makarantar mazaje suka buɗe, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu. Mu muna da majalisa a kowane lungu, kowane dare. Ƙwallo da siyasa kawai muke ci a cikinta.

Shekaranjiya abokin nan namu ya je biko Darazo, da rakiyar kawunsa. Ta dawo. Jiya da daddare ya jira har majalisa ta watse, mai shayi ya fara kife kofuna, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, wai ta wata ukun nan, da gaske ne in mace ta daɗe tana yi ba ta ƙara haihuwa?"

Na ce masa ba haka ba ne, jinkiri take sawa, ba ta kashe haihuwa. Na ce amma ga wadda ta yi ta har sau takwas can a ɗakinka, ta fi ni sanin yadda take a jiki, ka tambaye ta mana.

"Ita?" in ji shi.

Ya ɗan jima yana juya makullin babur a hannu. Ya biya kuɗin shayinsa da nawa, ya tafi. Katin dai har yanzu yana aljihunsa na gaba, na hango gefensa, kuma ranar da aka rubuta a layin ƙarshe Litinin ce mai zuwa.